Ƙuri'a Daban, Wakili Daban

Duk shekarar da za a yi zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, sunan da kan fara cika gidajen rediyo shi ne Ayowa, wata jiha ta manoman masara wadda mutanenta ba su wuce miliyan uku da 'yan kai ba. Tun 1972 jam'iyyar Dimokurat ta riƙa buɗe zaɓen fid da gwani a can, Rifablikan kuma ta bi sahu a 1976. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne mutum nawa ne ke fita, kuma ƙuri'arsu me take haifarwa.

Shi wannan zaɓe taron unguwa ne, wanda suke kira kokas. Da ƙarfe bakwai na dare, cikin tsananin hunturu, 'yan jam'iyya kan hallara a makarantu da coci-coci. A tsarin da Dimokurat ta bi har 2020, magoya bayan kowane ɗan takara kan ware gefe guda a ƙirga su, kusan irin ƙato-bayan-ƙato da muka sani a nan gida. Wanda bai sami kashi 15 cikin ɗari na mahalarta ba, sai mutanensa su koma wa wani. Ana iya shafe sa'a biyu ana wannan. To, ina ma'aikacin dare, da mai jego, da tsohon da ba ya iya tuƙi cikin ƙanƙara? An bar su a gida ke nan.

Shi ya sa adadin kan yi ƙaranci. A 1976 Jimmy Carter ya sami wajen kashi 28 cikin ɗari, alhali waɗanda suka ƙi bin kowa sun kai kashi 37, amma jaridu suka yi ta yayata shi har ya kai ga fadar shugaban ƙasa. Ko a 2008, da Barack Obama ya girgiza jihar, 'yan Dimokurat wajen 239,000 ne suka fita, aka kuwa ce ba a taɓa ganin irinsa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafin wakilai, domin su ne ke tsai da ɗan takara a babban taron jam'iyya. Tun kafin a zauna an riga an yanka wa kowace mazaɓa rabonta na wakilai, saboda haka ko ɗalibai dubu sun cika zauren wata jami'a, rabon ba ya ƙaruwa, ƙauyen da mutum talatin suka zo kuwa nasa na nan daram. Da haka ne a 2020 Bernie Sanders ya fi kowa yawan mutane a Ayowa, amma Pete Buttigieg ya tashi da wakilai 14, shi kuwa 12. A Nebada ma, a 2008, Hillary Clinton ce ta zo ta ɗaya, Obama ya fi ta wakilai.

Na 2012 ya fi ban mamaki. A daren zaɓen Rifablikan aka ce Mitt Romney ya ci da ratar ƙuri'a 8. Bayan mako biyu aka ce a'a, Rick Santorum ne da 34. Ana wannan gardama, mutanen Ron Paul, wanda ya zo na uku, suka yi ta halartar tarukan gunduma da na jiha inda ake zaɓen wakilan na ainihi, har suka kwashe 22 daga cikin 28. A ganina ba su yi maguɗi ba. Dokar ce ta bar ƙofa a buɗe, su kuma suka karanta ta sosai. Dole jam'iyyar ta ɗaure wakilan da sakamakon ƙuri'a daga 2016.

Lalle masu kare wannan tsari suna da hujja, watau maƙwabta na zama su yi muhawara ido da ido. Amma hujjar ba ta hana Dimokurat ta karɓe wa Ayowa matsayin farko a 2024 ta ba Karolina ta Kudu ba, bayan rikicin ƙidaya na 2020. Rifablikan ta tsaya a kan al'adarta, ta yi nata ran 15 ga Janairu 2024 cikin sanyi mai tsanani. Mutane wajen 110,000 suka fita, alhali a 2016 sun kai wajen 187,000, Donald Trump kuma ya ɗauki wakilai 20 daga cikin 40.