CIWON HAWA DA SAUKAR RAI: ABIN DA AKA GANO A ƘWAƘWALWA, DA HUKUNCINSA A SHARI'A

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, a cikin wasiƙun da suka iso wannan fili akwai ta wani ma'aikacin Gwamnati game da wansa, mai sayar da yadi. Ya ce an wayi gari wan nasa ya daina barci, yana ta zuba magana dare da rana. Cikin kwana goma ya ci bashin da ya ninka jarinsa, ya yi kyauta da motarsa, ya saki matarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Bayan wata biyu sai ya shige ɗaki, ba ci ba magana, yana cewa Allah Ya yi fushi da shi. Karo na uku ke nan. Wasu dangi sun ce aljanu ne, wasu sun ce sammu ne. Mai wasiƙar yana tambaya: shin sakin ya auku? Cinikin ya ƙullu? Ina kuma za su nufa da shi?

Ba aikinmu ba ne mu yanke wa mutum ciwo daga takarda, wannan na likita ne. Amma alamun nan sun yi kama da ciwon da likitoci ke kira baifola, watau mai gefe biyu: lokacin hawa, inda zumuɗi da ji da kai da rashin barci ke kama mutum, da lokacin sauka, inda baƙin ciki ke danne shi. A tsakanin biyun sau da yawa yakan koma garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019, mutum miliyan 40 ne ke fama da shi.

Kada wani ya zaci cewa danganta irin wannan hali ga jiki baƙon abu ne a Musulunci. Ishaƙa ɗan Imrana, likitan da ya zauna a Ƙairawan, garin mai Risala, ya wallafa littafi a kan malikhuliya, watau ciwon baƙin ciki, fiye da shekara dubu da suka wuce. Abu Zaidin Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rarrabe tsakanin baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashi ko hasara, da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya ce asalin na biyun daga jiki yake, kuma yana bukatar magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali. Sai a 1854 likitocin Faransa suka siffanta hawa da saukar a matsayin ciwo ɗaya mai zagayowa.

To, abin da magabatanmu suka fahimta da lura, yau ana ganinsa da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, kuma gani ya kori ji. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna amigdala, girmansa kamar ƙwallon dabino, shi ke zaburar da tsoro da fushi da ɗoki. Akwai kuma sashen da ke bayan goshi, shi ke auna aƙibar al'amari ya tsawata wa zuciya. Misalinsu kamar doki ne da linzami. An gano cewa ga masu wannan ciwo dokin yakan yi saurin zabura, linzamin kuwa ya yi sako-sako. Har ila yau wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke sa mutum jin kwaɗayin abu da zaƙuwa gare shi, aikinsa yakan wuce kima a lokacin hawa. Shi ya sa ɗan kasuwa mai tattali zai ga riba a inda babu ita, ba ya kuwa jin gargaɗin kowa.

Wani gungun masana na ƙasashe da yawa mai suna ENIGMA ya tara hotunan ƙwaƙwalwar dubban mutane. A 2016 suka bayyana cewa sashen hifokamfas, mai kula da ajiye tunani, ya ɗan ƙanƙance ga masu ciwon, guraben ruwa na tsakiyar ƙwaƙwalwa kuwa sun ɗan faɗaɗa. A 2018, bayan sun duba mutum 6,503, masu ciwo da masu lafiya, suka ga ɓawon ƙwaƙwalwa ya fi siranta ga masu ciwon, musamman ta wajen goshi da gefen kai. A 2022 kuma suka nuna cewa waɗanda hawan ya fi yawan taso musu, ɓawon goshinsu ya fi saurin sirancewa. Sai dai a lura, bambancin kaɗan ne, a jimlar mutane ake ganinsa. Ba a gane ciwon da hoto, sai da tarihin majinyaci da binciken likita. Bugu da ƙari, binciken tagwaye ya nuna gado yana da babban rabo a cikinsa, saboda haka ba laifin mutum ba ne, ba kuma raunin imani ba ne.

Akwai bushara a cikin binciken na 2018. Waɗanda ke shan maganin litiyam, wanda wani likitan Ostiraliya, John Cade, ya gano amfaninsa a 1949, an ga ɓawon ƙwaƙwalwarsu ya fi na sauran majinyata kauri. An kuma tabbatar yana rage dawowar ciwon da haɗarin kashe kai. Darasin a fili yake: jinkiri hasara ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ba mu musun samuwar aljanu, ba mu hana addu'a da ruƙiyya ta halal. Amma Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya yi umurni da neman magani, ya kuma sanar da mu cewa kowace cuta da maganinta. Ɗaure majinyaci da mari ko dukansa kuwa zalunci ne da Shari'a ba ta yarda da shi ba.

Daɗa mu koma ga tambayoyin. Hankali shi ne tushen taklifi, hadisi kuma ya tabbatar an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya farfaɗo. Malamanmu na Malikiyya sun san mai taɓuwar da ke zuwa tana tafiya: abin da ya ƙulla yana cikin hayyacinsa ya ƙullu, abin da ya yi hankalinsa a gushe, na saki ko na ciniki, bai ƙullu ba. Amma a yi hattara, ba kowane hawa ne ke kai wa ga gushewar hankali ba. Wani yana cikin zumuɗi amma yana rarrabe abin da yake faɗa. Don haka kada iyali su yanke hukunci da kansu. A kai magana gaban alƙali, da shaidun da suka ga halinsa a ranar, da takardar likita. Game da dukiya kuwa, aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a danƙa ta ga wanda ba zai iya tattalinta ba, ta kuma yi umurni a ciyar da shi, a tufatar da shi, a gaya masa magana mai daɗi. Alƙali yana iya naɗa masa waliyyi har ya warke, waliyyin ne kuma zai fitar masa da zakka. Ku 'yan kasuwa, wanda ya ga abokin cinikinsa a wannan hali ya yi amfani da damar ya kwashe masa kaya da araha, to ya sani haram ya ci. Ku shugabannin ofis, in ma'aikaci mai natsuwa ya kawo takardar barin aiki cikin irin wannan yanayi, ku dakata, ku nemi danginsa.

Sallar da lokacinta ya fita hankalinsa a gushe babu ramuwa a kansa, azumi kuwa a mazhabarmu yana ramawa. Nan akwai gargaɗi biyu. Na ɗaya, ƙarancin ruwa a jiki yana sa litiyam ya taru a jini har ya yi illa, saboda haka mai shan sa ya tuntuɓi likita kafin Ramalana, musamman in ya faɗo cikin bazara. In likita amintacce ya ce ya sha, ya karɓi rangwamen da Allah Ya yi wa marar lafiya. Na biyu, rashin barci yana daga manyan abubuwan da ke ta da hawan. Tsayuwar dare nafila ce, kiyaye hankali kuwa wajibi ne, ba a tozarta wajibi saboda nafila. Kada kuma ya bar magani don ya ji sauƙi, kada ya ƙi gwajin jini da ake yi don duba ƙoda. Mace mai ciki ko mai neman haihuwa ta sanar da likita tun da wuri, domin wasu magungunan suna cutar da ɗan tayi.

Ga mai wasiƙarmu muna cewa: ku kai wanku wurin likitan ƙwaƙwalwa ba da ɓata lokaci ba. Akwai asibitocin Gwamnatin Tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano. In yana maganar mutuwa kada a bar shi shi kaɗai. Ku rufa masa asiri, ku tuna masa cewa jarraba ba alamar fushin Allah ba ce. Da yawa masu wannan ciwo suna riƙe da shagunansu da ofisoshinsu da iyalansu lafiya lau, muddin suna kan magani.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyaye mana hankulanmu da imaninmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.