Tsuntsun Farko Na Matashi: A Ba Shi Tattabara, A Bar Aku A Kurmi

A gidajen ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke aiki a Abuja alhali iyalansu na zaune a garin Lafiya, akan kai wata gaɓa da yaro ɗan shekara 13 ko 15 zai zo wa mahaifinsa da roƙon a sayo masa tsuntsu. Uban da ke barin ofis ranar Juma'a, ya ratsa Keffi da Akwanga ya iso gida da dare, sannan ya juya ranar Lahadi ko asubahin Litinin, yakan ji nauyin rashin zamansa. Wannan nauyi ne kan kai shi ga neman tsuntsu mafi tsada da ɗaukar ido, wato aku, domin kyautar ta cike giɓin kwanakin da ba ya nan. Roƙon yaron ya cancanci a amsa shi. Sai dai tsuntsun da ya dace da hannunsa tattabara ce, kuma zaɓen aku kuskure ne da zai daɗe yana bin gidan.

Unguwa irin Akurba, da ke gefen garin Lafiya, inda tashar rarraba wutar lantarkin da Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Fabrairun 2022 take, wuri ne da kiwon tsuntsu ke da sauƙi. Gidaje na da tsakar gida, gonaki na kusa, dawa da masara da gero ba sa wuyar samu a kasuwa. Yaron da ya tashi a irin wannan wuri ya saba ganin kaji da zabi da agwagwa, amma duk na uwarsa ne ko na kakarsa. Abin da yake nema shi ne wani abu mai rai da za a ce nasa ne, wanda idan bai tashi ya ba shi ruwa ba zai kwana da ƙishirwa. Darasin da ke cikin wannan ya fi ƙarfin wa'azi. Waya ko keke idan an yi watsi da su kwana uku ba abin da zai same su, tsuntsu kuwa sakacin kwana ɗaya a zafin watan Maris ya isa ya kashe shi.

Malaman Musulunci sun daɗe da kafa hujja kan halaccin yaro ya riƙe tsuntsu da labarin Abu Umair, ƙanen Anas bin Malik, wanda ke da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, har Annabi (SAW) ya riƙa tambayarsa labarinsa cikin raha. Sharaɗin da suka gindaya shi ne ciyarwa da shayarwa da kauce wa azabtarwa. A kan wannan sharaɗi ne maganar aku take rushewa.

Aku na da daraja ta musamman a zuciyar Bahaushe. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, ya san akun da ya riƙe ɗan sarki da labarai har ya kai ga sarautar waziri. Basirar tasa kuwa gaskiya ce. Wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta shafe shekara 30 tana nazarin wani aku mai suna Alex, wanda ya iya bambanta launuka da siffofi da ƙananan adadi kafin mutuwarsa a 2007. Wannan basira ita ce matsalar. Aku tsuntsu ne mai rayuwa cikin garke, mai buƙatar hulɗa ta sa'o'i a kullum. Idan aka kulle shi shi kaɗai a keji, aka bar shi daga safe zuwa la'asar yaro na makaranta, yakan kamu da ƙunci, ya riƙa ihu, ya fige gashin ƙirjinsa da bakinsa har ya zama tsirara. Sannan yana iya rayuwa shekara 40 zuwa 60. Yaron da aka saya wa aku yana aji uku na ƙaramar sakandare zai gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, akun na nan da rai. Ba a taɓa jin matashi ya ɗauki alkawarin shekara 50 ya cika shi kaɗai ba. A ƙarshe uwar gida ce ko mai aiki ke gadar ɗawainiyar da ba su nema ba.

Akwai kuma tambayar inda akun ya fito. Aku mai ruwan toka da jar wutsiya ba tsuntsun Arewa ba ne. Mazauninsa kurmin kudancin Najeriya ne da Kamaru da ƙasashen Kongo, inda yake sheƙa a kogon manyan itatuwa. Maharba kan kama shi da danƙo ko su kwashe 'ya'yan daga kogo, kuma da yawa kan mutu a hanya kafin a kai kasuwa. A Ghana, binciken da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na wannan tsuntsu sun ɓace tun daga 1992. A 2016, taron ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar CITES a birnin Johannesburg ya hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe. Najeriya na cikin wannan yarjejeniya, ta kuma kafa dokarta a 1985 kan kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. A tsakiyar 2025 jami'an Kwastam sun kama tsuntsaye sama da 1,600, tsirya da kanari, a filin jirgin saman Legas ana shirin fitar da su zuwa Kuwait. Abin kunya ne ma'aikacin da ke cin albashi daga gwamnatin da ke wannan yaƙi ya tsayar da mota a bakin titi, ya sayi abin da abokan aikinsa ke ƙwacewa, ya kai wa ɗansa a matsayin tsaraba. Kanari da tsirya da ake tallarsu a ƙananan kejuna ma galibinsu kamun daji ne, kuma kowane ciniki kira ne ga mai tarko ya koma.

Tattabara ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli. Dubban shekaru ke nan tana zaune da ɗan Adam, a gida ake ƙyanƙyashe ta, ba dokar da ta hana kiwonta. Ba ta buƙatar keji. Idan aka tsare sababbin tattabaru na 'yan makonni har suka saba da ɗakinsu, za su fita kiwo su dawo da kansu. Mace da namiji kan riƙe juna, ta yi ƙwai biyu, su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci na kimanin kwana 18, sannan su ciyar da 'yan shila da wani abu mai kama da madara da ke fitowa daga maƙoshinsu. Cikin wata guda ɗan shila ya yi gashi. Yaron da ya fara da mace da namiji zai ga haihuwa da reno da mutuwa cikin zangon karatu ɗaya. Zai koyi lissafin tiyar hatsi, ya koyi toshe kafar da muzuru da ɓera da maciji ke bi, ya san lokacin da shaho ke kawo farmaki. Idan sun yawaita ya sayar da 'yan shila ya sayi abincinsu da kuɗinsu. Ranar da sha'awar ta gushe, maƙwabci zai karɓe su da murna.

Iyaye da dama na da ƙorafi na gaskiya a kan wasan tattabara. An san yaran da ya shagaltar da su daga karatu da salla, masu hawa rufin mutane, masu faɗa da maƙwabta saboda tattabarar wani ta bi garken wani. Wannan ƙorafi bai kamata a raina shi ba, kuma maganinsa sharaɗi ne tun ranar farko. A ƙayyade adadin da ba za a wuce ba. A haramta hawa katanga da riƙe tattabarar da ba tasa ba. A ɗaure ci gaban kiwon da sakamakon jarrabawa. Uban da ke Abuja na iya mayar da wannan abin hira a waya kowane dare, ya tambayi ƙwai nawa aka yi, wace ce ba ta cin abinci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma irin wannan hira ta fi kowace kyauta mai tsada kusantar da uba da ɗa.

Lafiyar gida ma abin lura ce. A watan Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya, a wata gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna, kuma tun daga lokacin cutar kan sake ɓulla. Tsuntsaye dangin aku kuma kan ɗauki wata cuta da ke kama huhun mutum ta hanyar shaƙar ƙurar busasshen kashinsu, tattabara ma na iya ɗauke da ita. Don haka ɗakin tattabaru ya kasance nesa da kicin da ɗakin kwana da akurkin kaji. A yayyafa ruwa kafin shara, a wanke hannu da sabulu, a ware sabuwar tattabara na mako biyu kafin a haɗa ta da sauran. Idan tsuntsaye suka fara mutuwa bi da bi, a sanar da likitan dabbobi na gwamnati, wanda ke da hanyar aika samfur zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Gidan da ke da mai ciwon asma ya nemi shawarar likita kafin a kawo kowane irin tsuntsu.

Akwai yaran da amsar da ta dace da su ita ce a dakata. Ɗan makarantar kwana ba zai iya kiwo daga nesa ba. Wanda ke ajin ƙarshe yana shirin WAEC da NECO da JAMB ya bari sai ya ajiye alƙalami. Iyalin da ke ɗakin haya a Mararaba ko Nyanya, inda tsakar gida ta kowa ce, su nemi yardar maƙwabta tukuna. Amma yaron Akurba mai zuwa makarantar jeka-ka-dawo, wanda ya yi wata uku yana maimaita roƙonsa bai gaji ba, ya cika sharaɗi. A ba shi katako da ƙusa ya haɗa ɗakin da hannunsa, a raka shi kasuwa ya zaɓi mace da namiji, kuɗin da aka tanada don aku kuwa a ajiye su don kuɗin makarantarsa.