Nasiha ga Almajirai da Malamansu a kan Kallon Wasa cikin Waya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwana malamai, da ku ɗiyanmu almajirai na Bagudo da Illo da Ka'oje da Lolo da Tsamiya, ku sani wani al'amari ya shigo muna wanda iyayenmu ba su san shi ba, shi ne kallon wasa cikin waya. Tun da anka kawo wayar hannu ƙasarmu ba a san ta ba sai ga manya, har anka buɗe layukanta ga kowa cikin 2001, ga shi yau yaro shina zaune cikin zaure, allonsa na jingine, idonsa na Ingila. Wanda ba shi da waya kuwa sai shi biya kuɗi shi shiga gidan kallo.

Abin da ni ke so in faɗa guda ne: mun bar wasa, mun kama kallon wasa, alhali kuwa ba ɗaya su ke ba. Wasan da ke ƙarfafa jiki shari'a ba ta hana shi ba. Ya tabbata Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma sa anka yi sukuwar dawaki a Madina. Kakanninmu na bakin Kwara sun yi iyo, sun yi tseren jirgi, sun yi kokawa da langa bayan kaka. Mai kallo kuwa ba shi samun ƙarfin jiki, ba shi samun karatu, sai gardama a kan mutanen da ba su san an haife shi ba.

Ku dubi Amurka, inda wagga sana'a ta fi ƙarfi. Can makarantunsu ke wasa, har sunka kafa ƙungiyar wasannin jami'o'i tun 1906. Filin jami'ar Mishigan shi kaɗai shina ɗaukar mutum fiye da 100,000. Sai bayan shekaru kusan 100 anka buɗe tashoshi domin wasan ɗalibai kawai, kamar ESPNU cikin 2005. Ashe fili ya riga tasha. Mu kuwa mun karɓi tasha, mun bar filayen makarantunmu ciyawa ta cinye su, awaki na kiwo cikin raga. Alhali mu ma muna da namu, domin an fara wasannin jami'o'in Nijeriya a Ibadan tun 1966. Hakeem Olajuwon, ɗan musulmin Ikko, a filin makaranta ya soma, ya tafi jami'ar Hiyuston cikin 1980, ya ci kofin ƙwallon kwando na Amurka cikin 1994 da 1995, kuma an san shi da riƙon azumin Ramadan ranar wasa. Da ya zauna kallo, wa za ya kalle shi?

Hasarar kallo marar iyaka uku ce. Ta farko lokaci. Wasan ƙwallo minti 90 ne, ban da hutu, ban da musun da ke biyo baya. Na Ingila na ranar Asabar shina faɗawa kan La'asar, na dare shina cin Lisha da karatun bayanta. Na Amurka kuwa, da yake mun riga gabashinsu da awa 5 ko 6, wasan magaribarsu tsakar darenmu ne, wanda ya raya shi Asuba ta tsere masa. Ta biyu dukiya, domin kuɗin da uwa ta tara na fura da ƙuli-ƙuli ana zuba su ga sayen data da cajin waya. Ta uku ita ta fi muni, ita ce caca, wadda ke biyo kallo kamar yadda ƙuda ke biyo miki. Haramcinta kuwa babu saɓani a kansa tsakanin malamai.

To, ga 'yan'uwana da ke cewa a karɓe wayoyi a farfasa, ina roƙonsu su yi tunani. Mu mutanen iyaka ne. Cikin 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, anka tsare motocin shinkafa, amma ba a tsare hoton da ke tafiya cikin iska ba. Yaron da anka hana a Tsamiya, Segbana ta ƙasar Benin ba ta yi masa nisa ba, zai kalla can da Faransanci, inda babu idon malaminsa. Ba a tare Kwara da zana, sai dai a yi mata hanya ta shiga gona.

Shawarata ga ta. Kowane malami shi yanka wa almajiransa lokacin wasa bayan La'asar, shi tsaya kansu ko shi sa babban almajiri. Makarantun allo da na Islamiyya da na boko su shirya gasa tsakanin garuruwanmu bayan an kai amfanin gona gida, ta ƙwallo da gudu da kokawa, da sutura ta mutunci, babu caca, a haɗa ta da musabaƙar karatu rana guda. Kallo kuwa a bar shi ga Alhamis da Jumma'a, ranakun hutun almajiri. Masu gidajen kallo su kashe na'ura in an kira salla, kada su karɓi ƙananan yara da dare. Hakimai da iyaye su taimaka da fili, domin ƙwallo guda ba ta kai kuɗin rago ba.

Ƙasarmu ta Gwandu da ilmi anka san ta tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Kada mu zama waɗanda ɗiyansu sunka hardace sunayen 'yan wasa 11, alhali ba su san farillan alwala ba. Allah shi shirye mu, shi sa albarka ga lokacinmu da zuriyarmu. Wassalamu.