Jama'ar Nima da Maamobi, Mu Kai Taswirarmu Majalisa Kafin Damina



Duk wanda ya mallaki hankalinsa a Accra a shekarar 2015 ba zai manta daren 3 ga Yuni ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kogin Odaw ya cika ya batse, mutane suka fake a gidan man GOIL da ke Kwame Nkrumah Circle, mai ya malalo a saman ruwa, wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wani ɓangare na ruwan da ya taru a Circle daren nan ta bayan gidajenmu ya bi, ta babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, ta gangara Paloma, ta faɗa Odaw a kan hanyarta ta zuwa tafkin Korle da teku.

Yanayi yana canzawa, kuma mu ne a bakin hanya. Ruwa kan zubo da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i. Unguwannin da ke sama da mu an shafe su da siminti da kwalta, ƙasa ba ta shan ruwa, sai ya gangaro mana gaba ɗaya. Can ƙasa kuma teku yana ƙara hawa, Korle ya cika da yashi da leda, ruwan ba ya samun mafita da wuri. A watannin Fabrairu da Maris kuwa zafi ne ke dafa mu a ƙarƙashin kwanon rufi, ɗaki guda mutum shida ko bakwai, taga ɗaya tana kallon bangon maƙwabci.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne akwai takardar da ake rubuta makomar waɗannan lungunan a ciki. Tun 2018 aka cire mu daga babbar majalisar birnin Accra: Nima ta koma ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Maamobi ta koma Ayawaso ta Arewa. Kowace majalisa tana tsara shirin raya ƙasa na shekara huɗu bisa ƙa'idojin Hukumar Tsara Cigaban Ƙasa, NDPC, kamar na 2022 zuwa 2025 da mai bi masa na 2026 zuwa 2029. Daga cikinsa ake ciro aikin kowace shekara da kasafin kuɗinsa. Kwatar da ba ta shiga wannan takarda ba, da wuya ta ga buhun siminti.

Kafin a rubuta shirin ana auna haɗari: wane bala'i ne ke zuwa, su wa ke kan hanyarsa, kuma wa ba zai iya tashi ba idan ya faɗa masa. Jami'in tsare-tsare yana da alƙaluman ruwan sama daga hukumar hasashen yanayi, yana da rahoton hukumar kula da bala'o'i, NADMO, na gidajen da ambaliya ta shiga. To amma alƙaluma ba su san lungun da ruwa ke fara shiga ba. Ba su san gidan da tsohuwa ke kwance ba ta iya tashi sai an ɗauke ta, ko makarantar allo da yara ke tsallaka katako guda a kan kwata kafin su isa, ko bayan gidan haya da ke tumbatsa ya haɗu da bututun ruwan sha da aka shimfiɗa a cikin lambatu. Wanda ya ga kwalarar 2014, wadda ta kama fiye da mutum 28,000 a Ghana, mafi yawansu a yankin Accra, ya san me wannan haɗuwar ke haifarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Doka tana tare da mu. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ba mazauna haƙƙin sa baki a tsare-tsaren majalisa, kuma dole a yi zaman sauraren jama'a kafin a amince da shirin. Dokar samun bayanai ta 2019 ta ba kowa damar neman ganin takardun. Amma ranar zaman sai ka tarar da kujeru rabi babu kowa, mu kuma muna majalisar shayi muna zagin gwamnati. Wannan ba ya kwashe ko cokali guda na taɓo.

Kuɗi ma akwai. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin GARID na kare yankin Odaw daga ambaliya, ya ƙara miliyan 150 a 2023, kuma Nima na cikin unguwannin da aka ware don gyaran lunguna da magudanai. Akwai asusun bai-ɗaya na majalisu, akwai Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017. Rancen Bankin Duniya bashi ne, 'ya'yanmu za su biya, don haka tambayar ina aka kwana ba rashin kunya ba ce.

Ga abin da nake roƙo. Matasa na kowace majalisar shayi, ku ɗauki babbar takarda ku zana unguwarku lungu-lungu. Ku bi gida-gida ku tambaya: ina ruwa ya tsaya bara, gwiwa ko ƙugu? Ku ɗauki hoton shatin da ya bari a bango, ku rubuta rana. Ku sa alama a gidajen tsofaffi, masu naƙasa da masu jego, da masallaci ko makarantar da ke kan tudu inda za a iya fakewa. Iyayenmu mata na kasuwar Nima da masu sayar da koko da waake a bakin kwata, ku kuka fi kowa sanin asarar da ruwa da zafi ke jawowa, kada a yi zanen nan ba da ku ba. Sannan a miƙa kwafi ga ɗan majalisar unguwa da kwamitin yanki da ofishin NADMO, a sa hannu an karɓa, a riƙe kwafi.

Mu ma da namu laifin. Wanda ke jiran hadari ya haɗu ya juye bola a kwata, shi ne ke tura ruwa ɗakin maƙwabcinsa. Malamanmu, ku faɗi wannan a kan mumbari ba sau ɗaya ba. Sai dai a rubuta a cikin shirin inda mai ƙaramin ƙarfi zai kai shararsa da kuɗin da zai iya biyan mai aboboya, wato mai kwashe shara a babur mai ƙafa uku, domin wa'azi kaɗai ba zai share kwata ba.

Sarakunan zango, limamai da magajiyoyi, ku aika a tambayo ranar zaman majalisa na gaba, a sanar da ita bayan sallar Juma'a a kowane masallaci. Ranar nan mu cika zauren, taswirarmu a hannu, kada mu tashi sai an faɗa mana shafin da kwatarmu take da kuɗin da aka ware mata.