"Ai ya amsa da bakinsa" ba ita ce ƙarshen magana ba

Kusan kowane mako sai irin wannan bidiyon ya zagayo wayoyinmu. Yaro zaune a ƙasa, riga a yage, ido a kumbure, an kara masa waya a fuska ana tambaya: "Kai ka sace babur ɗin?" Ya ce, "Ni ne." Kafin la'asar ya gama zagaye WhatsApp daga Malikanchi zuwa Ikara, Makarfi da Kudan, kuma maganar da ke ƙasa ɗaya ce: ai ya amsa da bakinsa, me ake jira?

To, mu dai a wannan shafi muna ganin akwai abin jira. Masana halayyar ɗan Adam da shari'a sun daɗe da gano cewa wanda bai ji ba bai gani ba yana iya cewa "ni ne", ko da ba a taɓa lafiyar jikinsa ba.

A 1996, Saul Kassin da Katherine Kiechel sun gwada wannan a Amurka. Sun zaunar da ɗalibai suna buga rubutu a kwamfuta, suka ce kada su taɓa wani maɓalli. Can sai aka sa kwamfutar ta ɗauke, aka ce su suka taɓa, alhali ba su taɓa ba. Kashi 69 cikin ɗari suka sa hannu a takardar amsa laifi, kashi 28 kuwa har a ransu suka yarda su ne. Abin da ya fi karya su shi ne a kawo wani ya ce ya gani da idonsa. Wani bincike na 2016 ya ƙara da cewa rabin waɗanda aka hana barci dare ɗaya sun sa hannu kan abin da ba su yi ba, yayin da cikin waɗanda suka yi barci kashi 18 ne kawai.

Waɗannan fa ɗaliban jami'a ne, ba sanda, ba ankwa. Yanzu ka ɗauki ɗan shekara 16 da aka kamo daga gonar rake, ya kwana biyu a bayan kanta ba barci, an ce masa abokinsa ya riga ya ambaci sunansa, an kuma ce, "Ka amsa kawai ka koma gida." Wallahi yawancinmu amsawa za mu yi, muna tunanin gobe gaskiya za ta fito.

Sau da yawa ba ta fitowa da wuri. A birnin New York, yara biyar 'yan shekara 14 zuwa 16 sun sha ɗauri kan fyaɗen da aka yi a 1989, bisa iƙirarin da aka tatsa daga bakinsu. Sai a 2002 ainihin mai laifin ya fito, gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar shi ne. A nan gida, an kama Moses Akatugba a Jihar Delta a 2005 yana ɗan shekara 16, bisa zargin fashin wayoyi. Ya ce an azabtar da shi har da cire masa farce kafin ya sa hannu a takardun da aka rubuta masa. An yanke masa hukuncin kisa a 2013, sai a watan Mayun 2015 Gwamna Emmanuel Uduaghan ya yi masa afuwa. Shekara goma sun tafi.

Kada wani ya ce wannan tunanin Turawa ne. Malamanmu sun karantar da mu cewa iƙirarin wanda aka tilasta ba ya zama hujja, kuma lokacin da Ma'izu ya kawo kansa, Annabi (SAW) ya yi ta kau da kai yana bincikar hankalinsa kafin ya karɓa. Maƙwabtanmu na Katsina sun ga wannan a aikace. Kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa a Maris 2002, ta Funtua ta tabbatar, amma a 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke shi. Cikin dalilanta akwai cewa tana da damar janye iƙirarinta.

Dokar ƙasa ma haka ta ce. Sashe na 35(2) na kundin tsarin mulki ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wanda ya zaɓa. Sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga wanda ya azabtar.

Mun san mutane sun gaji. An sace babura, an kore shanu, masu garkuwa da masu kai musu rahoto sun hana mu sakat, kuma 'yan sintiri da 'yan sanda na sayar da rayukansu a kan haka. Amma ranar da aka matsa wa Audu ya amsa laifin Tanko, ranar bincike ke tsayawa, Tanko kuma yana gari yana shirin na gaba.

Don haka idan bidiyon ya iso wayarka, kada ka tura. Tambayi kanka awa nawa ya yi a hannu kafin a kunna kyamara, wa ke tsaye bayan mai ɗauka, kuma ban da bakinsa wace shaida aka samu. Idan 'yan unguwa sun kama wani, a miƙa shi ga hukuma da lafiyarsa. Idan kai aka kama, ka nemi a kira lauya ko wani naka, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Akwai hukumar gwamnatin tarayya da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta, a neme ta.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Yaron da ke cikin bidiyon nan, jiya shi ma a majalisa yake zaune yana kallon na wani.