James Bond ya koma hannun mai kanti: yadda mutuwar faifai ta sauya manyan fina-finan faɗa

A ranar 20 ga watan Fabrairun 2025 ne Barbara Broccoli da ɗan'uwanta Michael G. Wilson suka sanar da cewa sun miƙa wa kamfanin Amazon ikon yanke shawara a kan fina-finan James Bond. Gidansu ne ke riƙe da wannan ɗan leƙen asirin Ingila tun fim ɗin farko, Dr. No, a 1962, har suka kai fim 25. Tun a 2022 Amazon ya kammala sayen kamfanin MGM a kan dala biliyan 8.45, amma bai iya taɓa Bond sai da yardar 'yan gidan. Yanzu wuƙa da nama suna hannunsa. A watan Yunin 2025 ya naɗa Denis Villeneuve, wanda ya yi Dune, a matsayin daraktan fim na gaba.

Masu sharhi sun fi damuwa da wanda zai gaji Daniel Craig. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin mai sayen. Amazon kanti ne, kuma ribarsa a harkar fim tana wurin mutumin da ke zaune a falo yana biyan kuɗin Prime duk wata. Tikitin silima na bayan wannan.

Sai an waiwayi faifai kafin a gane yadda aka zo nan. Wajen shekarar 2005, cinikin DVD a Amurka kaɗai ya kai kusan dala biliyan 16 a shekara. Fim na iya faɗuwa a silima ya farfaɗo a kanti bayan wata shida, don haka masu kuɗi ba sa tsoron gwada sabon labari da matsakaicin jari. A 2024 cinikin ya sauko ƙasa da biliyan ɗaya. Netflix ya daina aika faifai gidaje a watan Satumban 2023, kantunan Best Buy kuma suka kwashe shi daga kan kanta a farkon 2024. Da wannan kasuwa ta biyu ta rushe, sai kowa ya koma ga sunan da aka riga aka sani: na bakwai, na takwas, na goma.

To amma sunan ma ya fara gajiya. Indiana Jones na biyar, wanda ya fito a 2023, ya tara kusan dala miliyan 384 a duniya, alhali an kashe wajen miliyan 300 wurin yin sa, ga kuɗin talla, ga kuma gidajen silima da ke riƙe kusan rabin kuɗin tikiti. Mission: Impossible na takwas ya fito a watan Mayun 2025, ya tsaya a kusan miliyan 600, kuma rahotanni sun ce jarinsa ya doshi miliyan 400. Tom Cruise ya rataye a jikin jirgin sama yana da shekara sama da 60, duk da haka lissafin bai fita da kyau ba.

Akwai wani ɗan abu da ya faru da na bakwai wanda ke nuna inda hankalin kamfanonin yake. A silima sunansa Dead Reckoning Part One, wato kashi na ɗaya. Da aka zo sa shi a Paramount+ a farkon 2024, sai aka goge "kashi na ɗaya" daga sunan. Mai kallo a gida, da rimot a hannu, ba ya son a ce masa rabin labari zai samu. Tazarar da ke tsakanin silima da gida ita ma ta tsuke. A da kwana 90 ne. A 2020, lokacin korona, Universal ya yi yarjejeniya da gidajen silima na AMC a kan kwana 17 kacal. Cruise na cikin 'yan kaɗan da ke da ƙarfin cewa a jira, shi ya sa fim ɗinsa na ƙarshe bai shiga kasuwar intanet ba sai watan Agusta.

Mai karatu a Maraɗi, Garwa ko Anjamena na iya cewa wannan rigimar masu kuɗi ce. Sai dai mu mun riga su shan wannan miya. Fim ɗin Hausa a gida aka haife shi, a kan kaset, tun daga Turmin Danya a 1990, kuma dabarar raba labari zuwa na ɗaya da na biyu don a sayar da faifai biyu ba Hollywood ce ta koya wa Kano ba. Da masu tura fim a waya suka kashe kasuwar CD, furodusoshi suka koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da Arewa24, irin su Izzar So da Labarina, inda labari ke ci gaba muddin ana kallo. Ciwon ɗaya ne: idan ba a iya sayar da fim guda ya mayar da kuɗinsa, sai a nemi abin da zai riƙe mai kallo mako bayan mako. Abin da nake tsoron Amazon zai yi da Bond ke nan. Tun a 2023 ya gwada da wata gasar talabijin mai suna 007: Road to a Million. Gidan Broccoli sun shekara da shekaru suna ƙin a yayyanka Bond zuwa shirye-shirye, suna barin mutane su yi marmarinsa kafin ya dawo. Kanti kuwa ba ya son kanta ta zauna babu kaya.

Abin da ya bambanta mu shi ne ba ma cikin lissafin. Yawancin matasanmu suna ganin waɗannan fina-finai ne ta katin memori da aka cika a rumfar mai caji, wasu da muryar Faransanci, wasu da fassarar Hausa irin wadda Algaita ya shahara da ita, inda mai fassara ke ƙara wa bos baƙar magana da babu ita a asali. Ko sisi ba ya komawa ga masu fim ɗin, don haka ba a tambayar ra'ayinmu. Ba na goyon bayan satar fasaha, malami ne ni kuma marubuci, na san zafin a kwashe aikin mutum kyauta. Amma a faɗi gaskiya, hanyar halal ɗin ma ba a shimfiɗa ta don mu ba: tana son katin banki, da intanet mai ƙarfi, da wutar da ba ta ɗaukewa. A farkon 2024 Amazon ɗin nan ya daina zuba kuɗi a sababbin shirye-shiryen Afirka, ya mayar da hankali Turai.

Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta tauraron ɗan Adam, kuma ita ma ta koma hannu ɗaya. A watan Satumban 2025 Canal+ na Faransa ya karɓe MultiChoice, mai DStv da GOtv. Ke nan gidan da ke kallo da Faransanci a Yamai da wanda ke kallo da Turanci a Kumasi kusan duk ga mai gida ɗaya suke biya. Shi zai zauna da Amazon a yi cinikin lokacin da sabon Bond zai iso talabijin ɗinmu, da harshen da zai yi magana, da kuma ko yana cikin ƙaramin tsarin biya ko sai an ƙara kuɗi. Kafin su gama wannan ciniki, mai rumfar caji ya daɗe da tura shi a wayoyin unguwa.