Jami'ar Katolika: Kafin A Tsine Mata, An Karanta Takardarta?



Da zarar an ambaci jami'ar Katolika a gaban ɗalibin Ƙauran Namoda, Shinkafi ko Zurmi da ke neman gurbin karatu, magana biyu zai ji daga masu rubutu a waya. Wasu su ce tarko ne na raba yaro da addininsa. Wasu su ce ai jami'a jami'a ce, suna ne kawai ya bambanta. Mun ƙi yarda da duka biyun, kuma muna ganin lalaci ne ya haife su. Wanda ke son a kira shi marubuci bai kamata ya yanke hukunci kan abin da bai taɓa buɗewa ba.

Jami'ar Katolika tana da takardar da ta fayyace ko ita wace ce. A 1990 Paparoma John Paul na Biyu ya fitar da kundi mai suna Ex Corde Ecclesiae, wanda ya shafi irin waɗannan jami'o'i a duk duniya, har da Veritas da ke Bwari a Abuja, wadda majalisar bishop-bishop ta Nijeriya ta kafa, ta samu lasisi a 2007. Kundin bai yi rufa-rufa ba. Ya nemi kada malaman da ba 'yan Katolika ba su zama mafi rinjaye. Ya nemi a tanadi darussan akidar cocin yadda duk ɗalibin da ke so zai samu. Ya ɗora wa kowa, ko mene ne addininsa, ya mutunta matsayin makarantar. To mai cewa suna ne kawai, ina ya baro wannan?

Amma kundin nan dai shi ne ya wajabta wa jami'ar mutunta 'yancin addinin wanda ba nata ba. Kuma ya ce kowane fannin sana'a sai an haɗa shi da darasin ɗa'ar wannan sana'ar. Wannan ne ya fi ɗaukar hankalinmu. Mai karatun akanta sai an zaunar da shi kan haƙƙin dukiyar jama'a, mai karatun jarida kan illar ƙarya. A jihar da makarantu suka sha rufewa saboda 'yan bindiga, aka kwashe 'yan mata a Jangebe a 2021, aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2023, wa zai ce ba mu buƙatar ma'aikata masu jin nauyin amana?

Ba talla muke yi ba. Kuɗin makarantun nan ya fi ƙarfin manomin gero na Zurmi da ba ya ma iya zuwa gonarsa. Kuma abin da ke rubuce daban, abin da mai gadin ɗakin kwana zai aiwatar daban. Shi ya sa uban da zai kai ɗansa ya kamata ya tambaya baki da baki, ya nemi amsa a rubuce: akwai wurin salla? Ana barin fita Juma'a? Hijabi fa? Shiga coci dole ne? Da azumi yaya ake yi da sahur? Idan amsa ba ta gamsar ba, ya kama hanyarsa, ga Al-Qalam a Katsina tun 2005. Tambayoyin nan su ya kamata mu koya wa masu karanta mu, maimakon kwafo labarin "an ce wai" daga WhatsApp.

Akwai kuma abin da ake kauce wa faɗa don yana da ciwo. A 2022 yajin aikin ASUU ya cinye wata takwas, yaranmu na jami'o'in gwamnati suna zaune a gida, jami'o'i masu zaman kansu suna ci gaba da darasi. Mutanen nan sun haɗa kai ne, suka zauna suka rubuta irin mutumin da suke son yayewa, sannan suka gina. Mu fa? Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda tun 1929, kwalejin fasaha ta tarayya ta zo a 1983, kuma duka biyun hukuma ce ta kawo. Kasuwar Shinkafi ta yi attajirai, masarautunmu suna da malamai, muna da zakka da wakafi a littattafanmu tun kafin a san Bwari. Duk da haka yaron Moriki da ke son jami'ar da ta ɗauki addininsa da muhimmanci, sau da yawa sai ya fita jihar, kan hanyar da iyayensa ba sa runtsawa sai ya kira ya ce ya sauka.